Yadda za ka riƙe tarihin zamanin tsakiya don konkur ba tare da kanka ya ɗau zafi ba

Duk lokacin da aka ce an buɗe ajiye dosiye na konkur, wato jarrabawar neman shiga aiki ko makaranta, sai ka ga yaran unguwarmu sun bazama wajen masu fotokopi bakin babbar kasuwa suna sayen takardun kultir janaral, kowa da damin takarda a hammata, kuma in ka zauna da su fada da dare za ka ji wurin da ya fi cin ransu shi ne tarihin zamanin tsakiya, wanda Faransawa ke ce ma Moyen Âge. Shekaru sun yi yawa, sunaye baƙi ne, yau ka haddace gobe ya zube kamar ruwa cikin kwando. Ni ma na bi ta nan. Karon farko da na zauna konkur an tambaye mu wane ne Avicenne, na bar wurin fari fat, sai da na dawo gida na buɗa littafi na tarar ashe Ibn Sina ne, mutumin da malaminmu na islamiyya ya sha ba mu labarin littafinsa na likitanci tun muna ƙanana. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai don amsar tana cikin kaina, sunan kawai aka sauya ma riga. Tun daga ranar na gane ɗan Maraɗi da ya yi allo ko islamiyya yana shiga ɗakin jarrabawa da kusan rabin wanga tarihi a kansa, matsalar bai san yana da shi ba, to abin da nake so in nuna maka ƙanena shi ne yadda za ka tashi daga abin da ka riga ka sani ka rataya sauran a jikinsa.

Fara da kafa iyaka. Zamanin tsakiya a littattafan lakwal yana farawa 476, shekarar da daular Rum ta yamma ta faɗi, wani jagoran mayaƙa mai suna Odoacre ya tuɓe sarkinta na ƙarshe. Ƙarshensa kuma wasu na cewa 1453 da Turkawa ƙarƙashin Muhammad na biyu suka ci Konstantinoful, wato Istanbul ta yau, wasu na cewa 1492 da Christophe Colomb ya isa Amurka. Duka biyun ka riƙe, in tambaya ta ba ka zaɓi ka ga 1492 kawai to ita ce, in 1453 kawai ka gani ita ce. Shekara kusan dubu kenan.

Kafin ka taɓa ko suna ɗaya ka gyara maganar ƙarni, don nan ne yara ke zubar da maki a banza. Shekarar 1324 ƙarni na 14 ce, 622 ƙarni na 7, kullum ka ɗauki lambobin farko ka ƙara ɗaya, amma shekarar da ta cika ɗari cif kamar 800 ita ce ta ƙarshen ƙarni na 8. Kuma Faransawa da lambobin Rumawa suke rubuta shi, XIV, XI, IX, in ba ka saba ba sai ka karanta IX a matsayin 11 alhali 9 ne. Ka zauna yini ɗaya tak ka yi ta rubuta su daga V har XV sai hannunka ya saba. Akwai kuma wata dabara ga wanda ya san shekarun Hijira daga littattafan malamai: cikin kowace ɗari ka cire uku sannan ka ƙara 622. Malamai na cewa Bagadaza ta faɗi a 656 Hijira, cire wajen 20 saura 636, ƙara 622, ga 1258 ta fito, daidai da abin da littafin Faransanci zai ce maka.

Yanzu aikin hannu. Ni takardar buhun siminti na samu, na yanka na manna da salatef ta yi tsawon bangon ɗakina, kai ma kana iya haɗa takardun kaye guda goma. Ka ja layi huɗu a kwance, na sama ƙasashen Musulunci, na biyu Afirka ta yamma, na uku Turai, na ƙasa Asiya da sauran duniya, sannan ka raba tsawon gida goma daga 500 zuwa 1500. Kowace shekara ka koya ka sa ta gidanta da bik, kala daban ga kowane layi. Amfanin wanga abu shi ne idonka zai riƙa gani daga sama zuwa ƙasa, wato mi ke faruwa a Mali sa'ad da kaza ke faruwa a Faransa, abin da takardar fotokopi ba za ta taɓa nuna maka ba don ita jeri kawai take yi.

Layin sama za ka fara cikawa tunda shi ne naka. Hijira 622, a Faransanci Hégire. Wafatin Annabi (SAW) 632. Halifofi huɗu daga 632 zuwa 661. Sai Banu Umayya, su ne Omeyyades, hedkwatarsu Dimashƙa, daga 661 zuwa 750, a zamaninsu ne Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetara zuwa Andalus a 711, dutsen da ya sauka wajensa aka ce ma Jabal Ɗariƙ, sunan da bakin Turawa ya mai da Gibraltar. Sai Abbasiyawa, Abbassides, daga 750 har 1258, halifa Mansur ya gina Bagadaza a 762, Haruna Rashid ya yi mulki 786 zuwa 809, a Bagadazan ne aka yi Baitul Hikma inda aka yi ta fassara littattafan Girkawa da Farisawa zuwa Larabci, kuma nan Alkawarizmi ya yi aiki, daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabra da ta wahal da mu a lise. Fatimiyawa sun kafa Alƙahira a 969 suka gina Azhar nan da nan bayan haka. A gefe ka buɗe shafi guda na sunaye biyu-biyu, wanga shafi shi ne mafi tsada a kayenka: Ibn Sina shi ne Avicenne, Ibn Rushd na Kurɗuba shi ne Averroès, Kurɗuba kanta Cordoue, Salahuddin shi ne Saladin, Murabiɗun su ne Almoravides, Muwahhidun su ne Almohades, Garnaɗa ita ce Grenade, Mansa Musa kuma sau da yawa za ka gan shi Kankan Moussa. Wata ɗiyar yayata da na yi ma wanga shafi, tana cikin karantawa ta ɗago kai ta ce kawu ashe duk mutanen nan na san su, to haka ne, kin san su.

Da layin sama ya zauna sai ka fara rataya Turai a jikinsa, kuma ka rataya ta wurin da suka haɗu don a nan labari yake, labari kuwa shi ke zama a kai. Musulmin Andalus sun haura har cikin Faransa, Charles Martel ya tare su a Poitiers a 732, shekara ɗari cif bayan wafati, ka ga ba sai ka sha wuya ba. Jikan Charles Martel shi ne Charlemagne wanda Fafaroma ya naɗa sarkin sarakuna a birnin Rum ranar Kirsimeti ta shekarar 800, zamani ɗaya da Haruna Rashid, har sun yi aike tsakaninsu, Haruna ya aika masa giwa ta isa fadarsa a Aix-la-Chapelle a 802. Wanda ya taɓa hango giwar nan tana tafiya cikin sanyin Turai ba zai ƙara raba sarakunan biyu ba. Jikokin Charlemagne suka raba daular uku a yarjejeniyar Verdun a 843. Hugues Capet ya hau sarautar Faransa 987. A 1054 cocin Rum da cocin Konstantinoful suka rabu, Katolika da Otodoks. A 1066 Guillaume na Normandi ya ci Ingila a yaƙin Hastings.

Sai yaƙe-yaƙen ƴan Salibi, Croisades, waɗanda nake ba kowa shawara ya ɗan daɗe a kansu. Fafaroma Urbain na biyu ya yi kira a Clermont a 1095, suka ci Kudus a 1099, Salahuddin ya karya su a Hattin ya karɓe ta a 1187, a 1204 kuma runduna ta huɗu maimakon ta nufi Kudus sai ta afka ma Konstantinoful, birnin Kiristoci ƴan uwansu, ta wawashe shi, wanga na cikin abin da ya raunana birnin tun kafin Turkawa su zo. Sansaninsu babba na ƙarshe, Akka, ya faɗi 1291. Cikin wanga tsakani ne a Ingila manyan ƙasa suka tilasta ma sarki Jean ya amince da Magna Carta a 1215, takardar da ta ce sarki ma yana ƙarƙashin doka, masu konkur na aikin ofis da shari'a su riƙe ta da kyau. Tsarin zaman Turai na lokacin, féodalité, kada ka haddace shi kamar karatun aku, ka fahimce shi: babba ya ba na ƙasa da shi ƙasa, ita ce fief, shi kuma ya yi masa mubaya'a ya fita yaƙi dominsa, shi ne vassal, can ƙasa ga serf mai noma wanda ba shi da ikon barin gonar ubangidansa. Jama'a kashi uku, masu addu'a, masu yaƙi, masu aiki. In ka tuna sarki da hakimai da talakawa za ka kama hoton, sai dai ka kiyaye, talakan ƙasar Hausa in ya ga ba dama yana iya kwashe iyalinsa ya yi ƙaura, serf kuwa ɗaure yake da ƙasar.

Layin Afirka ta yamma shi ya kamata ka fi kowa iyawa, kuma wallahi abin takaici ne ɗan Nijar ya san ranar da aka ƙone Jeanne d'Arc amma bai san Takedda ba. Zaren da ya ɗinke layin duka shi ne zinariya daga kudu, gishiri daga hamada, raƙuma a tsakani, duk daular da ta riƙe hanyar ita ke da ƙarfi. Ta farko Gana, ta Soninke, babban birninta Kumbi Saleh, kuma ka lura tana kudu maso gabashin Muritaniya da yammacin Mali na yau ne, nesa da ƙasar Gana mai birnin Akara, tarko ne da ake yawan ɗanawa. Albakri, wani marubuci ɗan Andalus, ya bayyana ta a littafinsa a 1068. Littattafan lakwal na cewa Murabiɗun sun ci ta a 1076, masana na gardama a kan ko an yi cin da yaƙi, amma a takardar jarrabawa 1076 ake jira. Sai Mali, Sunjata Keita ya kada Sumaworo Kante a Kirina wajen 1235. Mansa Musa ya tafi hajji 1324, ya zuba zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi shekaru, ya dawo da Assahili ɗan Andalus wanda ake danganta ma ginin masallacin Jingareber na Tambutu, kuma a taswirar Katalan ta 1375 Turawa sun zana shi zaune riƙe da curin zinariya. Ibn Baɗɗuɗa ya zo Mali 1352, a kan hanyar komawa a 1353 ya sauka Takedda cikin ƙasar Nijar ta yau, can wajen Ingal, ya ga ana narka tagulla ana yin sanduna ana ciniki da su kamar kuɗi, ya ce ana kai ta har Gobir da Barno. Ka ji fa, Gobir, wadda sarautarta ke nan Tibiri kusa da mu, matafiyi ɗan Tanja ya rubuta sunanta tun ƙarni na 14.

Bayan Mali sai Songai da birnin Gawo. Sonni Ali Ber ya yi mulki 1464 zuwa 1492, ya ci Tambutu 1468, Askiya Muhammad ya karɓi mulki 1493. Can gabas ga Kanem ta gidan Saifawa, sarakunanta sun musulunta tun ƙarni na 11, daga baya suka koma Barno, Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarni na 15. Sarautar Agadas ma farkon ƙarni na 15 ake ba ta. A ƙasar Hausa, tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo da Musulunci fada zamanin sarki Yaji a ƙarni na 14, Muhammadu Rumfa ya yi sarauta 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi, shehu Almagili ya rubuta masa nasiha kan mulki kuma shi ne dai ya amsa tambayoyin Askiya, ka ga mutum ɗaya ya haɗa maka Kano da Gawo. A Katsina ka riƙe Muhammadu Korau. Abin da za ka kiyaye a nan: yaƙin Tondibi da Maroko ta rusa Songai 1591 ne, jihadin Shehu 1804 ne, zaman sarakunan Katsina a Maraɗi kuma bayan jihadin ne, duk ukun sun fita daga zamanin tsakiya, in an ce ka zaɓi wanda ba ya ciki to ga su nan.

Layin ƙasa kada ka ɓata masa lokaci da yawa, Mongol su ne ƙashin bayansa. An naɗa Gengis Khan 1206, shekarar da aka kafa sarautar Musulmi ta Delhi a Indiya. Hulagu jikan Gengis Khan ya rusa Bagadaza 1258, Mamluk na Masar suka tsai da Mongol a Ain Jalut 1260, wani jikan Gengis ɗin, Kubilai, ya mulki Sin, wajensa Marco Polo ya je. Gidajen sarautar Sin ka jera su kawai, Tang daga 618, Song daga 960, Yuwan na Mongol, Ming daga 1368, ka tuna takarda da albarushi da kamfas daga can suka fito. A Amurka Aztek sun kafa Tenochtitlan 1325, shekarar da Ibn Baɗɗuɗa ya bar gida, shekara ɗaya bayan hajjin Mansa Musa.

Akwai abu ɗaya da ya ratsa layukan nan kusan duka, baƙar annoba, Peste noire. Ta biyo hanyoyin fatauci daga Asiya, jiragen ƴan kasuwar Jenowa suka kai ta Sisili a 1347, cikin ƴan shekaru ta kashe wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, a Tunis ta kashe iyayen Ibn Khaldun yana saurayi, shi ne daga baya ya rubuta Muƙaddima. A Turai ma'aikata suka yi ƙaranci, lada ya tashi, igiyar da ta ɗaure serf ta fara saki. In konkur ɗinka na rubutu ne ba na zaɓi ba irin wanga bayani na dalili da sakamako shi ke kawo maki, mai gyara ya gaji da ganin shekaru tsirara. Annobar ta faɗo ne cikin yaƙin shekara ɗari na Faransa da Ingila, wanda a gaskiya ya kai shekara 116, daga 1337 zuwa 1453, Jeanne d'Arc ta ceci Orléans 1429 aka ƙone ta a Rouen 1431.

Yanzu ka koma bango ka dubi gida na ƙarshe, za ka ga shekaru biyu da suka yi goyo. 1453 ta ɗauko faɗuwar Konstantinoful da ƙarshen yaƙin shekara ɗari, kuma a daidai shekarun ne Gutenberg ke buga littafi da injinsa a Jamus. 1492 ta ɗauko uku, faɗuwar Garnaɗa wadda ta kawo ƙarshen mulkin Musulmi a Andalus, tafiyar Colomb, da mutuwar Sonni Ali. Irin waɗannan ka zagaye su da jan bik, tambaya uku kake amsawa da hadda ɗaya.

Maganar lokaci kuma, in kana da sati shidda ya isa. Sati na farko ƙarni da lambobin Rumawa da layin Musulunci, na biyu da rabin na uku Afirka, sauran na uku da na huɗu Turai, kwana biyu ko uku Asiya, abin da ya rage duka maimaici ne. Karatun asuba bayan salla kafin gari ya ɗau zafi ya fi na dare nesa ba kusa ba, minti arba'in kullum ya fi awa biyat ranar Lahadi kaɗai. Da dare kuma ka mai da fada ta zama aji, mu haka muka yi, wanda ke dafa shayi shi ke riƙe kaye, kafin na fari ya nuna ya jefa ma kowa shekara ya faɗi abin da ya faru, a na biyu ya jefa suna a faɗi ƙarni da ƙasa, a na uku kowa ya ba da labari ɗaya da Hausa daga farko har ƙarshe sannan ya maimaita shi da Faransanci, in wuta ta ɗauke a haska da waya a ci gaba. Abin da ka iya bayyana ma abokinka da Hausa ba tare da duba takarda ba shi ne ka sani, wanda ka kasa kuma gobe da asuba shi za ka fara dubawa.

Ka yi hattara da takardun da ke yawo a WhatsApp da na fotokopi marasa sunan marubuci. Na taɓa sayen wata jaka guda, cikinta an sa Mansa Musa sarkin Songai, an juya 1215 ta koma 1512, yaro ya haddace haka da zuciya ɗaya ya je ya zuba. Duk shekarar da za ka hau da ita bango ka tabbatar da ita a littafin tarihi na kolej ko na lise tukuna, in ba ka da shi ka ara wajen wani malamin tarihi ko ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ba za a rasa mai shi a unguwa ba. Kuma a satin ƙarshe ka bar ƙara sabon abu, ka ɗauki farar takarda ka zana layukan huɗu daga ka ba tare da kallon bango ba, ka gwada da na bangon, inda ka bar rami ka cike da jan bik, washegari ka sake. Sunayen kuma ka rubuta su da hannunka yadda Faransanci ke rubuta su, Soundiata Keïta, Tombouctou, Koumbi Saleh, Ibn Battuta, sau goma-goma, don Sunjata da Tambutu da muka saba faɗi a baki mai gyara ba lallai ya karɓe su a takarda ba.